Ranar da Talabijin ta Koma Ɗaki

Injiniya ake ce masa a unguwar, ko da yake ko ƙofar makarantar injiniyoyi bai taɓa leƙawa ba. Sana'arsa kafa talabijin a bango da ɗaura dish a kan rufi, kuma hannunsa ya faɗa a aikin, har ta kai in ka shiga gida ka ga talabijin zaune daram babu waya ko ɗaya da ke reto, ba sai ka tambayi wanda ya yi ba. Matarsa kuwa shi ya laƙaba mata Manaja tun suna amarci, wai don ko allura ba ta motsi a gidan sai da sa hannunta. Sunan ya bi ta har shagon ɗinkin da take aiki.

Da damina ya faɗo. Ƙafar tsani ce ta zame a kan jiƙaƙƙen siminti yana can sama da sifana a hannu. Likitoci suka ce lakarsa ta taɓu a ƙasan wuya. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin komai. Hannayen suna ɗagawa, amma yatsun sun lanƙwashe, ko cokali ba sa riƙewa.

Ranar da aka dawo da shi gida, Manaja ta ce bari a shigo masa da talabijin ɗaki ta riƙa ɗebe masa kewa in ta tafi aiki. Ya harare ta.

"Talabijin a falo take," in ji shi. "Ni zan je in same ta."

Ta ji daɗin maganar a lokacin, har ta maimaita wa matan shago. Da farko ana ɗaga shi a ɗora a keken guragu a tura shi falo. Sai gyambo ya fito masa a ƙugu, likita ya hana zama sai ya warke, gyambon kuwa ya ƙi warkewa. Ya koma kwanciya. Kullum da safe takan kunna talabijin a falo ta bar ƙofar ɗaki a buɗe, ya wuni yana jin muryoyi yana kallon silin.

Akwai wata ma'aikaciyar asibiti mai zuwa yi masa gashi, ta lanƙwasa ƙafa ta miƙar, ta matsa yatsu, ta ce ya gwada motsa babban yatsa. Aka yi watanni a haka. Wata ranar Laraba, bayan ta gama, ta ja Manaja zuwa bakin ƙofar falo ta rage murya.

"Ba zan ɓoye miki ba, inda za mu kai mun kai. Ki ci gaba da juya shi da motsa masa gaɓoɓi don kada su sandare. Sauran sai dai addu'a."

Gidan ƙarami ne, ɗaki da falo da kicin, ko tari ka yi a wani lungu sai an ji a ɗaya. Da Manaja ta koma ɗaki ta tarar ya rufe ido kamar mai barci.

Washegari tana goge masa fuska da tsumma mai ɗumi ya ce, "Manaja, kira Auta. Ki ce ya zo ya ciro talabijin ɗin nan ya shigo da ita."

Hannunta ya tsaya a kan goshinsa. Ta so ta ce a'a, a bari tukuna, amma ta rasa da wane bakin za ta faɗa.

Auta ƙanensa ne, shi ya koya masa aikin tun yana riƙe masa tsani, yanzu kuma shi ya gaji shago da abokan ciniki da kayan aiki masu kyau. Ya ɗauki waya da fara'a. "Haba Anti, wannan ai ba aiki ba ne. Asabar da safe kina buɗe ƙofa za ki gan ni." Asabar ta zo ta wuce. Da ta kira ya ce aiki ya riƙe shi a bayan gari, amma gobe ko ana ha-maza-ha-mata yana tafe. Lahadi har rana ta take wayarsa a kashe.

Manaja ta tsaya a tsakar ɗaki ta ɗaure zane a kan doguwar rigarta.

"Ni zan yi. Kai dai gaya mini."

Injiniya ya yi dariya, dariyar da rabonta da jin irinta tun kafin asibiti. "Ke? Ki bar allura ki kama injin huda bango?"

"Duk huda ce ai."

"To, Allah ya ba da sa'a. Jawo tsohon akwatina a ƙarƙashin gado."

Akwatin ƙarfe ne, ƙura ta rufe shi. A ciki akwai tsohon injin huda wanda aka naɗe wayarsa da baƙin salatif, da sifanu, da sukundireba, da tef ɗin awo, da wani ma'auni mai ƙwayar ruwa a tsakiya da yake gwada miƙewar abu da shi. Ta ɗaga kowanne yana faɗa mata sunansa da aikinsa, idonsa na bin su kamar mai gaisawa da tsofaffin abokai.

Ta fita falo, shi kuma yana ba da umarni daga gado da iyakar muryar da ta rage masa. Ta fara cire wuta. Ta leƙa ƙasa, za ta ga ƙananan noti biyu, ta kwance su. Ta ɗaga sama tukuna kafin ta jawo, kada ta fizga. Talabijin ɗin ba ta da nauyi kamar yadda ta zata, sai dai faɗi, da ƙyar hannayenta suka kai gefe da gefe. Ta kife ta a kan kujera bisa bargo.

A bayanta fentin bango na nan sabo fil, ga wayoyi a jere an ɗaure su tsaf kamar kitso. Saura ƙarfen da talabijin ke rataye a kai, mai manyan noti huɗu. Ta sa sifana ta murɗa, ko gezau. Ta sa hannu biyu. Ta dafa ƙafa a bango ta ja har jijiyar wuyanta ta tashi.

"Wane mugun ne ya ɗaure wannan?" ta ɗaga murya.

"Wani ƙato ne," ya amsa daga ɗaki. "Ba ki san shi ba."

Ta jingina goshi da bangon. Ta san shi. Ta tuna ranar da ya ɗaure notin nan, da singileti, fensir a bayan kunne, yana tsokanarta wai ta matsa kada ƙura ta ɓata mata kwalliya. Ƙarfin da ke cikin notin nan nasa ne, yana nan a bango bai je ko'ina ba, ga ta tana kokawa da shi. Sai da ta zura guntun bututu a kan sifanar, yadda ya ce ta yi, kafin na farko ya yi ƙara ya saki.

Da ta shigo da ƙarfen ɗaki, sai ta nufi bangon da ke ƙafar gado ta ɗora shi daidai ƙirjinta.

"Nan?"

"A'a. Wannan awon mai zama ne. Mai zama a kujera, tsakiyar gilashin daidai idonsa ake sawa, don kada wuya ya gaji. Na kwance daban ne. Gyara mini filo yadda kika saba."

Ta gyara.

"To, zan saki idona inda ya ga dama ya sauka. Ke kuma ɗora yatsa a bango ki yi ta hawa sai na ce ki tsaya."

Ta ɗora yatsa ta fara jan shi sama. Ya wuce kanta. Ta yi ɗage har dunduniyarta ta bar ƙasa, bai ce komai ba. Sai da ta jawo teburin madubi ta hau, ta miƙa hannu kusa da silin, ya ce, "Nan. Sa fensir."

Ta yi alama, ta juyo ta dube shi daga can sama. Ba ta taɓa ganinsa daga wannan tsayin ba. Ya ƙanƙance a cikin zanin gado, ƙafafun sun zama sirara kamar na yaro.

"Ya yi sama da yawa, Injiniya. In mutum ya zauna ai sai ya ɗaga kai."

"Wa zai zauna?"

Ta sake duban alamar.

"Na sha yi wa mutane irin wannan," ya ce, idonsa a kan alamar fensirin. "A kira ni gida, a wuce da ni falo, a kai ni ɗakin ciki. Ina shiga in ji warin magani na san awon da zan yi. Akwai wani dattijo, direban babbar mota ne a da, ina aiki yana ba ni labarin hanya. In na gama nakan ce da iyalin, ranar da ya miƙe ku kira ni in sauko da ita ƙasa, kyauta. Su yi dariya su ce Allah ya sa. Kin san wani abu, Manaja? Ba wanda ya taɓa kirana."

"Wataƙila wani suka kira."

"Wataƙila."

Ta juya ga bangon don kada ya ga fuskarta, ta tambaye shi me ya rage.

Ya sa ta duba inda soket yake, ya ce kada ta huda a saitinsa, waya na bin cikin bangon ta nan. Ta ɗora ƙarfen, ta ɗora ma'aunin a kansa, ta yi ta gyarawa har ƙwayar ruwan ta tsaya tsakanin layi biyu, ta zana ramukan. Da ta danna injin, ya yi tsalle a hannunta ya kwarzane fenti.

"Riƙe da hannu biyu! Jingina ƙirjinki a bayansa. Kada ki matsa baya, teburin nan ba shi da faɗi. Manaja, dubi ƙafarki!"

"Ina gani."

"Ba kya gani. Matso tsakiya."

Ramin farko ya fita lafiya, na biyu ma haka. Jar ƙura ta riƙa zubowa, sai da ta sauko shan ruwa ta ga ta lulluɓe masa ƙafafu har idon sawu, bai sani ba. Ta kakkaɓe, ta rufa masa tawul. A rami na uku bulon ya yi taushi, injin ya zurma, ramin ya yi faɗi har robar da ake cusawa tana yawo a ciki. Ta zauna a gefen teburin.

"Na ɓata."

"Ba ki ɓata ba. Kawo ashana. Cire kawunan, ki cusa sandunan a gefen robar har ta matse. Amma kada ki gaya wa kowa ni na koya miki."

Ɗaga talabijin zuwa can sama ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarsu, wata malamar firamare mai yawan surutu, wadda dama ƙarar injin ta hana ta sakat. Malama ta shigo tana tafa hannu.

"Ikon Allah! Manaja, ashe ke ma injiniya ce? Sannu da jiki, Injiniya. Ai kafin ka ankara ka miƙe, da hannunka za ka mayar da ita falo."

"Allah ya sa, Malama," ya ce.

Malama ta miƙa daga ƙasa, Manaja ta karɓa daga kan tebur, suka yi ta lalube har ƙugiyoyin suka faɗa mazauninsu da ƙara ƙas. Ya sa aka sunkuyar da kanta ƙasa kaɗan, a ƙara, a rage, har gilashin ya fuskanci fuskarsa sosai. Hasken taga ya faɗo a gefe ɗaya, ya ce a ja labule rabi. Wayar dish ba ta kai ba, Manaja ta yi mata ƙari da wani guntu daga akwati, ta bi da ita ta saman ƙofa tana kafawa da ƙananan ƙusoshi. Da ta kunna, hoto ya fito tar, wasu mutane suna gudu a fili.

Malama ta yi guɗa ta tafi ɗora girki. Manaja ta koma bakin ƙofa ta duba aikinta, sai ta ga gefen hagu ya ɗan sauka. Ramin ashanar nan ne.

"Ta karkace," ta ce. "Bari in kwance in gyara."

Ya daɗe yana kallo. Mutumin da ta sani zai iya sake huda bango gaba ɗaya saboda karkatar da ba ta kai faɗin farce ba.

"Bar ta," ya ce. "Ta yi."

Rimot ya zama wata matsalar, don yatsun ba sa dannawa. A ranar ta ɗinka masa 'yar jaka mai igiya ta ɗaure a jikin wani katako ta ajiye a gefen hannunsa na dama, ya koyi danna manyan maɓallan da ƙashin bayan yatsa. Wani lokaci ya samu, wani lokaci ya wuce tashar da yake so sai ya zagayo.

Kowa ya zo sai ya yaba. Auta ma da ya bayyana bayan kwanaki da ledar lemo, ya tsaya ya riƙe ƙugu. "Yaya, ai Anti ta ƙwace mana sana'a." Ya ga karkatar, ta ga ya gani, bai ce komai ba.

Abin da Manaja ba ta zata ba shi ne yadda talabijin ɗin ta sauƙaƙa wa mutane. A da mai zuwa dubiya dole ya zauna ya dubi Injiniya a ido ya nemo abin faɗa. Yanzu sai a gaisa, a ɗaga kai sama, a yi ta kallo tare har lokacin tafiya ya yi. Wuyan baƙi kan gaji da wuri, ba sa daɗewa. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke, tunda ai an san yana da abin ɗebe kewa. 'Yarsu da ta zo hutu daga makarantar kwana takan kwanta a ƙasa kusa da gadon ta yi kallo tare da shi, su wuni ba su yi magana goma ba.

Shi ma ya sauya. Ya daina tambayar ko ta ga yatsan ƙafarsa ya motsa. In ta zo lanƙwasa masa gwiwa sai ya ce ta bari shirin nan ya ƙare, in ya ƙare wani ya fara. Ya daina faɗa, ya daina tsokana. Takan tsaya a bakin ƙofa da kwanon abinci ta ga haske na sauyawa a fuskarsa, ja, kore, fari, fuskar kuwa ba ta sauyawa. Wata rana ta tambaye shi me ake yi a fim ɗin da ya shafe awa yana kallo, ya ce bai lura ba.

Da damina ta zagayo, aka yi wata iska da hantsi tana shago, irin mai ɗaga kwanon rufi. Ba ta samu dawowa ba sai la'asar, ga layin ɗinki, ga hanya ta cika da ruwa. Tun daga falo ta ji gidan tsit. Ta tarar da gilashin shuɗi fayau, da ɗan rubutu yana yawo daga kusurwa zuwa kusurwa. Rimot ya zame daga katakon ya faɗi ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka fara iskar."

"Haka ka wuni?"

"Dish ɗin ne ya juya," ya ce. "Ba wani abu ba ne. A sassauta noti biyu, a dawo da shi gabas kaɗan, a ɗaure."

Ta ajiye jaka. "Malama na da tsani. In na hau kai kana nan kana gani, in hoto ya dawo sai ka..."

"Kada ki kuskura!"

Tsawar ta girgiza ta. Ƙoƙarin ya sa shi tari, tarin da ƙirjinsa ba shi da ƙarfin fitarwa, sai da ta danna masa ciki yadda aka koya mata kafin numfashi ya dawo. Hawaye na bin gefen idonsa zuwa kunne.

"In kika taka tsanin nan ban yafe ba," ya ce a hankali. "In kika faɗo, wa zai juya mu?"

Ta goge masa kunne da bakin mayafinta. Ta kira Auta a gabansa. Auta ya ce subhanallahi, ai wannan aikin minti biyar ne, gobe da sassafe in sha Allahu. Ta nemi wani mai gyara a bakin kasuwa, ya ce sai ƙasa ta bushe, shi ba ya hawa rufi da damina, ko ba ta ji abin da ya sami Injiniya ba? Ta ce ta ji.

Aka kwana, aka wuni, aka shiga wani mako. Ranar Litinin ta yi masa wanka, ta wanke gyambon ta sa magani, ta juya shi, ta gyara filo. Ta ajiye ruwa da tsinken zuƙa inda bakinsa zai kai. Ta ɗauki jakarta, ta tsaya da rimot a hannu.

"In kunna, ko in bar ta?"

"Kunna."

"Babu komai fa a ciki."

"Na sani. Kunna."

Ta danna. Shuɗin ya cika ɗakin, ɗan rubutun ya kama yawonsa. Ta ɗaure rimot ɗin a katako da kyau, ta ce sai ta dawo, ya ce Allah ya tsare. Ta ja ƙofar falo ta sa mukulli, ta sauka titi tana kauce wa tabo, don ta riga ta makara.